Fansho da walwalar tsofaffin sojoji a ƙasar Hausa

Fansho da walwalar tsofaffin sojoji a ƙasar Hausa batu ne da ya shafi kuɗin sallama, fanshon wata-wata, kiwon lafiya da sauran tallafin da ake ba mutanen da suka yi aikin soja suka ajiye, tare da matansu da marayunsu, a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Wannan maƙala ta duba rukuni uku na waɗannan mutane da aka fi sani da 'yan mazan jiya: waɗanda suka yi wa Ingila yaƙi kafin 1960, waɗanda suka yi wa Faransa, da waɗanda suka yi aiki a rundunar Najeriya bayan samun 'yancin kai.

Abin da ya haɗa rukunan uku shi ne nisan da ke tsakanin tsohon soja da ofishin da ke yanke hukunci a kan haƙƙinsa, ko a Landan yake, ko a Faris, ko a Abuja. A takardun Ingila da Faransa, sojan da ya koma garinsu na haihuwa a Katsina ko Maraɗi ana lissafa shi ne a matsayin mazaunin ƙasar waje, kuma wannan lissafi ya rage abin da yake samu tsawon shekaru masu yawa. A yau ma tsohon sojan Najeriya da ke noma a gari irin Dayi, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, yana da haƙƙi ɗaya a doka da takwaransa na Abuja, amma hanyar da zai bi kafin haƙƙin ya shiga hannunsa ta fi tsawo.

Kalmomi

Yawancin kalmomin da Hausawa ke amfani da su a wannan fage an aro su ne daga Turancin Ingilishi ta hanyar bariki: soja, kofur, saje, samanja, laftanan, kyaftin, fansho, garatuti. Fansho shi ne kuɗin da ake biya kowane wata har ƙarshen rai. Garatuti kuwa dunƙulallen kuɗi ne da ake bayarwa sau ɗaya lokacin sallama. Laƙabin 'yan mazan jiya na girmamawa ne, kuma da shi kafafen yaɗa labarai na Hausa ke kiran bikin 15 ga Janairu, wato Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Zaman bariki ya kuma haifar da Barikanci, sauƙaƙƙiyar Hausar da sojoji masu harsuna daban-daban ke fahimtar juna da ita. Irin wannan Hausa ce marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne, ya shahara da ita a wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama. Ya rasu a 2023.

Tarihi

Rundunar sojan Najeriya tana danganta asalinta da 1863, lokacin da Laftanan John Glover ya tara wasu 'yan tsirarun mutane a Legas waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 aka ba Frederick Lugard aikin kafa rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda daga baya aka sani da RWAFF. Hausa ce harshen ba da umarni a ɓangarenta na Najeriya, kuma a Zariya aka kafa makarantar horar da kuratan soja a 1924.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, 'yan Najeriya fiye da 100,000 ne suka sa kaki. A 1941 sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka tura su Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda suka gwabza da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Sunayen wuraren da aka yi gumurzun suna nan a kan barikoki: Myohaung da Arakan a Legas, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan. Barikin Chindit na Zariya kuma ya samo sunansa daga dakarun da aka jefa bayan layin abokan gaba a 1944, waɗanda bataliyoyi uku na Najeriya ke cikinsu. Dawowar waɗannan sojoji ce Sa'adu Zungur ya yi wa waƙar Maraba da Soja.

Taro na biyu ya fito ne daga yaƙin basasa. Rundunar da ba ta wuce mutum kimanin 10,000 ba a 1967 ta kai kusan 250,000 a 1970. Rage wannan adadi ya ɗauki shekaru, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sallama ba su cika shekarun da doka ta gindaya don samun fansho ba. Bayan su akwai waɗanda suka je Laberiya daga 1990 da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, sai kuma waɗanda suka yaƙi Boko Haram a arewa maso gabas da 'yan bindiga a arewa maso yamma.

Waɗanda suka yi wa Ingila aiki

Mafi yawan sojojin da suka dawo daga Bama an sallame su ne da garatuti kawai, domin an ɗauke su ne don tsawon yaƙin. Garatutin ma bai zo ɗaya ba. A watan Fabrairun 2019 wani binciken 'yan jarida ya fito da takardun gwamnatin Ingila da suka nuna cewa farar fata mai ƙaramin muƙami ana lissafa masa sule goma a kan kowane wata da ya yi yana aiki, shi kuwa baƙar fata ɗan Afirka mai muƙami iri ɗaya sule uku da sisi. 'Yan majalisa da dama sun nemi a yi bincike a biya diyya, amma gwamnati ba ta yi hakan ba. Matsayin da Landan ta daɗe a kai shi ne, nauyin waɗannan sojoji ya koma kan ƙasashensu tun da suka samu 'yancin kai.

Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar samar wa tsofaffin sojoji aiki a 1945, ta kuma kafa ƙungiyar kula da walwalarsu a 1946. Wasu sun samu aikin dogari, ɗan doka, masinja, direba ko gadi. Da yawa kuwa gona suka koma.

Tallafin da ke zuwa daga Ingila a yau sadaka ce, doka ba ta wajabta shi ba. Yana biyowa ne ta ƙungiyar RCEL, wadda aka kafa a 1921 don taimakon tsofaffin sojojin daular Ingila, kuma tana aiki da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji na kowace ƙasa. A watan Nuwamban 2018 gwamnatin Ingila ta ware fam miliyan 11.8 domin mutum fiye da 7,000, tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu, su samu abin da zai ishe su cin abinci sau biyu a rana. Wanda ya yi aiki kafin ƙasarsa ta samu 'yancin kai ne kaɗai ya cancanta, kuma sai ya nuna shaidar aikin. Wannan sharaɗi yana da nauyi a karkara, inda takardar sallama mai shekara saba'in ta sha fama da gara, gobara da ɗigar ruwan damina.

Waɗanda suka yi wa Faransa aiki

A ɗaya gefen iyaka, Faransa ta ɗebi samari daga Nijar, har da Hausawan Maraɗi, Damagaram da Tawa, zuwa rundunar da ta kira Tirailleurs sénégalais, wadda aka kafa a 1857. Duk da sunan Senegal da ke jikinta, mutanenta sun fito ne daga dukkan ƙasashen da Faransa ta mallaka a yankin. Sun yi yaƙin duniya biyu, sun je Indochina da Aljeriya. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka fara aikin soja a ƙarƙashin Faransa.

Rigimar kuɗi ta fara tun yaƙi bai ƙare ba. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa sun buɗe wuta a kan sojojin Afirka da ke neman bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Sai a Nuwamban 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya amince cewa kisan kiyashi ne.

Ba kamar Ingila ba, Faransa ta ci gaba da biyan fansho bayan 'yancin kai, sai dai ta daskarar da shi. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta tsayar da fanshon 'yan ƙasashen da suka samu 'yanci a kan adadin da yake a lokacin, yayin da na Faransawa ke ƙaruwa kowace shekara. Bayan shekara arba'in, mutum biyu da suka kwana a rami ɗaya suna karɓar kuɗin da ɗaya ya ninka ɗaya sau da yawa. Warware wannan ya zo ne daki-daki:

A ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci a shari'ar Amadou Diop, tsohon saje ɗan Senegal, cewa bambancin wariya ce. Diop ya rasu kafin a yanke hukuncin.

A 2002 aka yi ƙari, amma bisa tsadar rayuwa ta ƙasar da mutum ke zaune, wanda ya bar mazauna Afirka a baya.

A 2006, bayan fitowar fim ɗin Indigènes, Shugaba Jacques Chirac ya amince a daidaita fanshon mayaƙa da na naƙasa daga Janairun 2007.

A watan Mayun 2010 kotun tsarin mulki ta soke ragowar bambancin, sabon tsari ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2011. Cikakken ƙarin kuwa sai wanda ya rubuta takarda ya nema.

Wani ƙulli ya rage har zuwa 2023. Tsofaffin da suka koma Faransa da zama suna karɓar tallafin tsufa na kimanin yuro 950 a wata, bisa sharaɗin su shafe aƙalla wata shida na kowace shekara a can. Saboda haka dattawa masu shekara casa'in suka riƙa zama a ƙananan ɗakuna a gefen birnin Faris, nesa da iyalansu. An ɗage sharaɗin a Janairun 2023, kuma a Afrilun shekarar mutum tara suka koma Senegal gaba ɗaya. A Nijar kuwa tazarar ta ƙaru: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, ta mayar da ayyukansa Faris da ofisoshinta na ƙasashe maƙwabta.

Irin wannan tarihi ya faru a wasu wurare. Amurka ta janye wa sojojin Filifin haƙƙoƙinsu da wata doka a 1946, sai a 2009 ta biya waɗanda suka rage dala 15,000 ga mai takardar zama ɗan Amurka, dala 9,000 ga wanda ba shi da ita. Sojojin Gurkha na Nepal da suka bar aiki kafin 1997 sai a 2009 suka samu izinin zama a Ingila. A duk waɗannan misalai gyaran ya zo ne bayan mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Tsarin Najeriya

Hukumar Fansho ta Sojoji, mai hedikwata a Dutsen Alhaji da ke Abuja, ita ke biyan garatuti da fanshon sojojin ƙasa, na ruwa da na sama. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta sa sojoji cikin tsarin da ma'aikaci ke tara wani kaso na albashinsa, amma gyaran 2011 ya fitar da su, dokar 2014 kuma ta tabbatar da hakan. Ma'ana fanshon soja daga baitulmalin tarayya yake fitowa kai tsaye. Wannan gata ne, domin ba ya dogara da ribar kasuwa. Rauninsa shi ne duk wani ƙari yana jiran Ma'aikatar Kuɗi ta saki kuɗin. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan tarayya.

Akwai wasu hukumomi uku da ke da hannu. Kamfanin DHML shi ke kula da inshorar lafiyar sojoji, har da waɗanda suka yi ritaya. Cibiyar koyar da sana'o'i ta sojoji da ke Oshodi a Legas tana ba waɗanda suka kusa barin aiki horon wata shida a fannoni irin su noma, kiwon kaji, ɗinki da walda. Sai ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, Nigerian Legion, wadda doka ta kafa a 1964 aka sabunta dokarta a 1988. Tana da rassa a jihohi, kuma ita ke amfana da kuɗin tambarin da ake sayarwa gabanin 15 ga Janairu. An zaɓi wannan rana ne saboda a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan 11 ga Nuwamba ake bikin, kamar sauran ƙasashe renon Ingila.

Bashi da zanga-zanga

Fanshon wata-wata ya fi zuwa a kan kari yanzu idan aka kwatanta da farkon shekarun 2000, lokacin da tsofaffin sojoji ke kwana a titunan Abuja suna jiran haƙƙinsu. Inda ake samun tsaiko shi ne ƙari da ariyas. Bayan an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, ƙarin da ya kamata ya biyo baya a fansho ya makara, har tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Janairun 2022.

Rigima ta biyu ita ce ta alawus ɗin SDA, kuɗin da ake ba soja lokacin sallama domin kada ya yi amfani da ƙwarewarsa ta makami a hanyar da za ta cutar da ƙasa. An fara shi ne a 2017, aka bar waɗanda suka yi ritaya kafin lokacin. Bayan zaman dirshan a gaban Ma'aikatar Tsaro, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar a 2022 cewa ya amince da naira biliyan 134.7 domin a biya kowa.

Daga nan tsadar rayuwa ta shigo. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Gwamnati ta amince da ƙarin kashi 20 zuwa 28 cikin ɗari a fansho daga Janairun 2024, ta kuma mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin shekarar. Jinkirin biyan waɗannan ya sa aka sake rufe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Disamban 2024 da Janairun 2025. Abin lura shi ne, a mafi yawan lokuta gwamnati ba ta musanta bashin. Jinkirin kansa ne asarar, domin ariyas ɗin da aka biya bayan shekara guda ba ya sayen abin da zai saya tun farko.

Yankin Dayi, Malumfashi da Funtuwa

Dayi gari ne a Ƙaramar Hukumar Malumfashi, a mahaɗar hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo da wadda ta taso daga Funtuwa zuwa Yashe. Yankin yana cikin manyan wuraren noman masara, dawa, auduga da waken soya na kudancin Jihar Katsina. Kamar sauran garuruwan noma na arewa, ƙananan sojoji da suka fito daga nan kan koma gida bayan ritaya, domin a gida gonar gado take kuma rayuwa ta fi sauƙi. Abubuwa huɗu ne suka fi shafar irin waɗannan mutane.

Na farko shi ne tantancewa. Hukumar fansho na bukatar ta tabbatar cewa mai karɓa yana raye, don toshe kafar 'yan fanshon bogi. A da sai mutum ya je da kansa cibiyar da aka ware, galibi a babban birnin jiha. A 2024 hukumar ta ɓullo da tantancewa ta intanet, wadda ta rage wahalar tafiya. Amma tana bukatar babbar waya da sabis mai ƙarfi, kuma yankin ya san yadda sabis ke ɗaukewa: a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, cikinsu har da Malumfashi, Funtuwa da Bakori, aka shafe watanni a haka. Dattijon da ba ya iya sarrafa wayar dole ya miƙa bayanansa ga ɗa, jika ko mai shagon kwamfuta, abin da ke buɗe ƙofar damfara.

Na biyu shi ne suna. Tsarin zamani yana so sunan da ke takardar sallama ya yi daidai da na lambar NIN da ta BVN, harafi da harafi. Al'adar suna ta Hausawa ba ta tafiya haka. Mutum ɗaya zai iya zama Muhammadu a gida, Mamman a gari, Mohammed a takardar soja. Tun zamanin Turawa magatakardan bariki kan rubuta sunan gari a gurbin sunan mahaifi, sai a samu Garba Funtuwa ko Audu Katsina, alhali banki sunan mahaifi ya rubuta. Ranar haihuwa ma sau da yawa ƙiyasi ce aka yi ranar ɗaukar aiki. Gyara saɓani irin wannan yana bukatar takardar rantsuwa daga kotu da zirga-zirga tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa, kuma kafin a gama ana iya dakatar da biya.

Na uku shi ne lokaci. Ga manomi, kuɗi yana da kaka da damina. Garatuti ko ariyas da ya shigo a watan Mayu taki ne da iri da kuɗin huɗa. In ya makara zuwa Agusta, shekarar ta wuce. Mai gona ya riga ya ci bashi, kuma da kaka zai sayar da masara a lokacin da ta fi araha don ya biya. Cire kuɗin ma yana da nasa tsada: rassan banki suna manyan garuruwa irin Malumfashi da Funtuwa, mutanen ƙauye kuwa sun dogara da masu POS da ke cire ladansu a kowane ciri. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 wannan lada ya yi tashin gwauron zabo. Matsalar tsaro ta ƙara nauyi, domin gonakin da ke nesa da gari sun zama abin tsoro a sassan yankin, kuma harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a Agustan 2025 a cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi ya faru.

Na huɗu shi ne lafiya da magada. Inshora tana aiki ne a asibitin da aka yi wa rajista, manyan asibitocin soja kuma a birane suke, kamar Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna. Ga mai hawan jini, ciwon suga ko tsohon raunin harsashi, kuɗin mota zuwa birni kan fi kuɗin maganin, sai ya gwammace ya saya a kemis. Idan ya rasu kuma, fom ɗin soja sunan magaji ɗaya ko biyu yake ɗauka, alhali gidan na iya ƙunsar mata biyu ko uku da 'ya'ya da yawa waɗanda shari'ar Musulunci ta ba kowa rabonsa. Wanda sunansa ke fom wakili ne da zai karɓo a raba, amma rashin fahimtar haka yana kai iyalai gaban alƙali. Sau da yawa ma sunan da ke fom na mahaifi ne ko wa, wanda aka rubuta tun sojan yana saurayi ba a sabunta ba.

Tsofaffin sojojin Najeriya mazauna ƙasashen waje

Akwai kuma waɗanda suka bar Najeriya bayan ritaya, ko don kasuwanci da zumunci a Maraɗi, Yamai da Accra, ko don zama kusa da 'ya'yansu a Turai, Amurka da Saudiyya. Fanshonsu da naira ake biya. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, don haka wanda ke kashe sefa, riyal ko fam ya ga kuɗinsa ya zube da kusan kashi biyu cikin uku ba tare da an rage masa ko kwabo ba. Inshorar lafiyarsa kuma a asibitocin gida take aiki. Rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna yadda tafiyar 'yan sa'o'i daga Maraɗi zuwa Katsina ke iya gagara. Wannan rukuni ne ya fi cin moriyar tantancewa ta intanet.

Ƙasashe masu ƙarfi sun yi wa nasu tanadi na musamman. Amurka tana da tsarin TRICARE na ƙasashen waje, da wani shiri da ke biyan kuɗin maganin ciwon da aka samu a bakin aiki ko ina mutum yake, har da ofishin kula da tsofaffin sojoji a Manila. Ingila kuwa tana da nata salon daskarewa har yau: fanshon tsufa na gwamnati ba ya ƙaruwa ga wanda ya koma ƙasar da ba ta da yarjejeniya da ita, kuma Najeriya na cikin waɗannan ƙasashe. Wannan ya shafi 'yan Najeriya da suka yi aiki a rundunar Ingila ta yanzu suke tunanin dawowa gida da tsufa.

Taimakon al'umma

Inda hukuma ba ta kai ba, jama'a ke cikewa. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji shi ne wurin da ake jin labarin tantancewa, a taya juna cike fom, a yi karo-karo idan wani ya kwanta ciwo ko ya rasu. Sashenta na masu gadi yana sama wa masu sauran ƙarfi aiki a makarantu da ofisoshi. Bayan wannan akwai hanyoyin da kowane talaka ya sani: adashi, gayya, zakkar hatsi da kaka, da taimakon 'ya'ya da ke birni. Su ma tsofaffin sojojin suna ba da nasu, domin a garuruwa da yawa su ake tuntuɓa kan tsarin sintiri da horar da matasa.

Muhawara

Ana tattauna abubuwa da dama a kan makomar tsarin. Akwai shawarar a maye gurbin Nigerian Legion da wata tarayyar tsofaffin sojoji mai faɗi, wadda Ma'aikatar Tsaro ta daɗe tana magana a kanta. Wasu ƙungiyoyi na neman a kafa ma'aikata ta musamman kamar yadda Amurka ke da ita. Masu suka na cewa sabon ofishi a Abuja ba zai rage nisan Dayi da Abuja ba, abin da ake bukata shi ne teburin taimako a kowace ƙaramar hukuma da asibitoci masu rajista kusa da jama'a. Akwai masu son a sa tsofaffin sojoji cikin tsaron ƙauyuka a hukumance, musamman tun da Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, yayin da wasu ke ganin bai dace a sake tura dattijo gaban bindiga ba alhali ana riƙe da ariyas ɗinsa. Sai kuma batun ɗaure fansho da hauhawar farashi, yadda ƙari zai zo da kansa ba sai an yi zanga-zanga ba.

Shekaru na ƙara matsa wannan muhawara. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1945 an haife shi ne a 1927, don haka sojojin Bama da suka rage 'yan ƙalilan ne. Wanda ya shiga da waɗannan shekaru a ƙarshen yaƙin basasa an haife shi wajen 1952, ya haura saba'in. Bayan su kuma ga dubban da suka yi yaƙin arewa maso gabas, waɗanda suka fara ajiye aiki suna komawa garuruwansu.